Inda Ya Kamata A Ajiye Hotunan Waya

Tun da wayar hannu ta zama ita ce kyamarar kowa, malami da almajiri, attajiri da ɗan dako, hotunan suna da na ɗaurin aure da na saukar karatu, waɗanda a da ake wankewa a adana cikin albam a ƙasan akwati, sun koma zaune a cikin abin da ɓarawo zai iya zarewa daga aljihu a cunkoson kasuwa, ko ya faɗa ruwa ya mutu nan take. Don maganin wannan ne kamfanonin Amurka suka gina manyan rumbunan kwamfutoci, inda waya ko tabilet ke tura kwafin kowane hoto ta intanet, domin in ta salwanta mai ita ya same su a wata.

Mafi yawan wayoyin da ke hannun jama'armu, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung, Android ne, saboda haka Google Photos ita ce ta fi kusa da su. An ƙaddamar da ita a 2015, kuma ta yi shekaru tana karɓar hotuna kyauta ba iyaka, har ranar 1 ga Yuni, 2021, lokacin da aka rufe wannan ƙofa. Yanzu gigabait 15 ake bai wa mutum, amma fa tarayya ake yi a cikinsu da wasiƙun Gmail da takardun Drive, har da ajiyar hirarrakin WhatsApp, ta yadda idan bidiyon biki ya cika wurin, wasiƙa ma ba za ta shigo ba. Wanda ya yarda a matse hotunansa kaɗan, abin da ido da ƙyar yake ganewa a fuskar waya, wurinsa zai daɗe bai cika ba. Masu iPhone da iPad kuwa, waɗanda ba su da ramin saka memori ko kaɗan, Apple na ba su gigabait 5 kacal a iCloud, daga nan sai biyan wata-wata na gigabait 50, ko 200, ko abin da ya fi haka. OneDrive na Microsoft ma 5 ne, Dropbox kuma 2, wanda bai isa a tsaya kansa ba.

Sai dai abin da ya fi yawan gigabait muhimmanci, wanda kuma gafala daga gare shi ta sa mutane da yawa nadama, shi ne cewa Google Photos da iCloud daidaitawa suke yi tsakanin waya da rumbu, wato abin da ya faru a nan shi zai faru a can. Mutum ya ga wayarsa ta cika, sai ya kama goge hotuna yana zaton kwafinsu na nan lafiya a intanet, alhali kuwa kowane hoto da ya goge daga cikin manhajar an goge shi a rumbun, an kuma goge shi a tabilet ɗin da ke gida. Akwai rangwame, domin iCloud na riƙe abin da aka goge kwana 30, Google kuma kwana 60 ga hoton da ya riga ya hau rumbu. Bayan wannan wa'adi babu ceto. Hanyar da ta inganta ita ce a yi amfani da maɓallin rage wa waya nauyi da ke cikin manhajar, wanda ke cire kwafin waya kaɗai ya bar na rumbu.

In aka yi kiyasi irin na malaman fiƙihu, wannan mu'amala ta fi kama da ijara, wato haya, bisa wadi'a, wato ajiyar amana, domin ɗaki ne aka ba ka haya da sharuɗɗan da mai ɗakin ke iya sauyawa. Google ma ta sanar cewa daga Disamba 2023 tana iya share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Ga kuma wata musiba tamu ta gida: mutane da dama mai sayar da waya ne ya buɗe musu asusu a shago, ba su san kalmar sirrinsa ba, lambar da aka ɗaura masa ma ta daɗe da ɓacewa, ga shi an saita wayar kada ta tura hoto sai da Wi-Fi, wanda ba su da shi, don haka ko hoto ɗaya bai taɓa hawa ba.

A ganina, mai Android ya riƙe Google Photos, mai iPhone ya biya iCloud in yana da hali, amma kowannensu ya kwafe hotunan da ba ya son rasawa a memori ko kwamfuta. Ya kai mai karatu, yau ɗin nan ka buɗe manhajar ka tabbatar hotunanka sun hau, ka kuma rubuta kalmar sirrinka a takarda ka ba amintaccenka.