Faɗin taya ba shi ne riƙon hanya ba: yadda ake zaɓar rim da taya ga tsofaffin babura

A shekarar 1969, Malcolm Uphill ya zagaye hanyar tseren TT ta tsibirin Man, wadda tsawonta ya kai kusan kilomita 60, bisa babur ƙirar Triumph Bonneville, da matsakaicin gudun da ya haura mil 100 a awa. Wannan ne karon farko da babur irin na kasuwa ya yi hakan. Tayar Dunlop K81 da ya hau a ranar, wadda daga baya aka laƙaba wa suna TT100, siririya ce ƙwarai idan aka kwatanta da tayoyin yau. Duk da haka, masu farfaɗo da irin waɗannan babura da yawa sukan fara da neman taya mai faɗi, a zatonsu ita ce ta fi riƙe kwalta. Sau da yawa sakamakon yakan zama akasin haka.

Dalili na farko yana ga rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Masana'antun Ingila sun riƙa auna faɗinsa da lambobin WM: WM1 inci 1.60 ne, WM2 inci 1.85, WM3 kuwa inci 2.15. Norton Commando, wanda aka fara sayarwa a 1968, ya fito da rim WM2 mai inci 19 gaba da baya. Idan aka cusa taya mai faɗi a kan siririn rim irin wannan, gefunanta sukan matse, bayanta ya yi tozo. Daga nan sashen da ke taɓa ƙasa yakan ragu maimakon ya ƙaru, babur kuma ya riƙa faɗawa cikin kwana ba zato ba tsammani.

Ko da an sauya rim ɗin ma, da sauran rina a kaba. Yayin da babur ya karkata, wurin da taya ke taɓa ƙasa yakan matsa daga tsakiya zuwa gefe. Gwargwadon faɗin taya, gwargwadon nisan wannan matsawa, don haka dole mahayi ya ƙara kwantar da babur kafin ya sha kwanar da siririyar taya za ta sha cikin sauƙi. Ga kuma ƙarancin sarari: taya tana ɗan kumbura idan ta yi zafi ana gudu, kuma tana iya gogar sarƙa ko madigadi.

Tsayin wili shi ma yana da nasa tasiri. Ƙafar gaba mai inci 19 tana haye ramuka cikin natsuwa, tana kuma riƙe miƙaƙƙiyar hanya, sai dai tana da nauyin juyawa. Ƙaramar ƙafa ta fi saurin amsa umarni, amma tana rage tazarar da ke tsakanin inda layin juyawar kan babur ya sauka ƙasa da inda taya ta taɓa ƙasa. Wannan 'yar tazara ce ke mayar da kan babur daidai da kansa bayan kwana. Idan ta ragu fiye da kima, kan yana iya kama karkarwa a tsakiyar gudu. Haka ma ɗaga bayan babur da doguwar taya yana rage ta. Baburan zamani sun tsaya a inci 17 ne saboda an ƙera firam ɗinsu da shokozobarsu domin tayoyin radiyal da suka bazu a shekarun 1980, abin da tsofaffin firam ba su san da shi ba.

Karanta lambobi yana taimakawa. A tsohon tsari, 3.25-19 na nufin faɗin inci 3.25 a kan rim mai inci 19. A sabon tsari, 100/90-19 na nufin faɗin milimita 100, tsayin gefe kuma kashi 90 cikin ɗari na faɗin. Lambobi huɗu na ƙarshe a hatimin DOT suna nuna mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya mai cikakken zane tana iya bushewa saboda tsufa, ta daina riƙo. Yawancin tsofaffin wili masu wayoyi kuma suna buƙatar tiyub, ko da an rubuta a jikin tayar cewa ba ta buƙata.

Abin da ya fi aminci shi ne a fara da girman da masana'anta ta rubuta a littafin babur, a duba jadawalin mai ƙera taya domin sanin rim ɗin da ya dace, sannan a sayi ta gaba da ta baya daga samfuri guda. Kamfanoni har yanzu suna ƙera tsofaffin girma da roba ta zamani, wadda ta fi ta da riƙo a jiƙaƙƙiyar hanya. Nan ne ribar take, ba tare da an taɓa daidaiton da injiniyoyin farko suka auna ba.