Wane Aku Ya Dace Da Gidan Ɗan Kasuwa?

Tun daga shekarar 1916, lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Fatakwal ta iso Enugu domin kwasar kwal ɗin da aka gano a duwatsun Udi a 1909, Hausawa fatake da mahauta da masu shanu suke ta gangarowa ƙasar Ibo, suna kafa unguwanninsu a gefen kasuwar Ogbete ta Enugu da na Anaca da Fatakwal, har ta kai mutumin Sifawa ta ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Enugu na farko a cikin shekarun 1950. Wanda kuwa ya zauna a waɗannan garuruwa ya zauna a bakin ƙasar aku, gama kurmin Kuros Riba da fadamun da kogin Kwara ya rarrabu a cikinsu kafin ya faɗa teku, nan ne mazaunin wannan tsuntsu mai launin toka da jar wutsiya. Saboda haka abin da yaron Katsina ya sani a labari, yaron Ogbete ya kan gan shi da idonsa a kejin mai talla, ya sheƙa gida yana cewa, "Baba, don Allah a saya mana aku."

Ba abin mamaki ba ne a yi kwaɗayinsa, domin duk wanda ya karanta Magana Jari Ce ta Alhaji Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937, ya tashi da aku a zuciyarsa a matsayin mai fasaha wanda magana ta kai shi ga wazirci. Amma ni a ganina, kuma ina faɗa ne bayan tadabburi, wannan mashahurin aku mai magana shi ne mafi rashin dacewa da gidan da kowa yake cikin hidima, kuma hazaƙar nan tasa da ake yabo ita ce babban dalili.

Wata malama a Amurka, Irene Pepperberg, ta sayi irin wannan aku a 1977, ta sa masa suna Alex, ta yi shekara 30 tana nazarinsa har ya mutu a 2007, alhali ya san kalmomi fiye da 100, yana rarrabe launuka, yana ƙirga abubuwa har shida. Halittar da Allah ya ba wannan fahimta, wadda a daji take kwana cikin garke ta tashi cikin garke, ba ta jure kaɗaici. To, a dubi gidan ɗan kasuwa a Ogbete. Maigida ya fita tun bayan Asuba don ya tari motar albasa ko ta tumatir, ba ya dawowa sai an yi Isha'i. Yara sun tafi makarantar boko, daga can sun wuce Islamiyya. Uwargida tana tsakanin murhu da wanki da goyo, wataƙila ma da abincin sayarwa. Wa zai zauna da tsuntsu sa'o'i a kowace rana yana yi masa magana, yana fito da shi ya miƙe fukafukai? Idan aka rasa, sai aku ya fara tsige gashin ƙirjinsa da bakinsa ɗaya bayan ɗaya har fata ta bayyana, ya riƙa ƙwala ihu da sassafe a gidan haya inda bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, alhali baƙo a garin mutane ba abin da ya fi buƙata kamar zaman lafiya da maƙwabta. Daɗin daɗawa yana da tsawon rai, ya kan kai shekara 40 har 60 a hannun mutane, wato wanda ya saye shi yana ɗan arba'in, sai ya yi tunanin wanda zai gaje shi.

Akwai kuma mas'alar inda aka samo shi, wadda ta fi nauyi. Galibin waɗanda ake yawo da su a kudu kamun daji ne: ko dai a shafa danƙo a sanduna a ɗaure wani aku ya yi ta kuka har 'yan uwansa su sauko su maƙale, ko kuwa a hau itace a kwashe 'ya'ya daga kogonsu. Masana sun ƙiyasta cewa daga sulusi har zuwa sulusi biyu na waɗanda aka kama su kan mutu kafin su kai hannun mai saye. A ƙasar Gana bincike ya nuna kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunsu sun ƙare daga 1992 zuwa 2015. Wannan ya sa a taron ƙasashen duniya da aka yi a Johannasbag a 2016 aka haramta fataucin kamun daji tsakanin ƙasa da ƙasa, mu ma a Nijeriya muna da dokar kare dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu tun 1985, wadda aka ƙarfafa a 2016. Tun kafin dokar hukuma ma, Abu Dawuda ya ruwaito cewa da sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a halin tafiya, ta zo tana faffaka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, umurni ya yi a mayar mata da su.

Kada mai karatu ya ɗauka kiwon tsuntsu haramun ne. Bukhari da Muslim sun kawo labarin Abu Umairu, ƙanen Anas ɗan Maliki, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma daga nan malamai, cikinsu har da Ibnu Hajar a Fathul Bari, suka ciro halaccin ajiye tsuntsu a keji, bisa sharaɗin a ba shi haƙƙinsa na ci da sha da kulawa. Sharaɗin nan shi ne ma'aunin zaɓe: a ɗauki wanda gidan zai iya sauke amanarsa.

Wanda ya cika wannan sharaɗi, a nawa hukunci, shi ne ɗan ƙaramin akun nan na ƙasar Ostareliya da ake kira bajariga, kore ko shuɗi ko rawaya, mai zane-zane baƙaƙe a ƙeya, wanda tsawonsa bai wuce santimita 18 ba. Tun 1840 aka kai shi Ingila, a keji ake ta ƙyanƙyasarsa zuriya bayan zuriya, don haka sayensa bai raba wata uwa da 'ya'yanta a kurmi ba. Gero da ɗanyen ganye da ruwa mai tsabta sun ishe shi, kukansa ɗan shewa ne da ba ya tsallake bango, rayuwarsa kuma shekara 7 zuwa 10 ce a galibi. Sai dai a sayi biyu, domin su ɗebe wa juna kewa sa'ad da gida ya watse. Gaskiya ne biyun ba safai suke koyon maganar mutane ba, tun da sun sami abokin hira na jinsinsu, amma wannan hasara ce ƙarama idan aka auna ta da lafiyar tsuntsu. Gidan da yake da yara masu hankali, 'yan shekara goma zuwa sama, yana iya ɗaukar kokatil mai tukku da jan ɗigo a kumatu, mai sanyin hali, gwanin fito, wanda ya kan kai shekara 15 zuwa 20. Tsirya tamu ta arewa mai doguwar wutsiya, da ɗan akun Sanagal mai kan toka da rawayan ciki, su ma yawanci kamun daji ne, na biyun kuma ya kan zaɓi mutum ɗaya a gida ya riƙa cizon sauran.

In an je saye, kada a yi garaje, kuma kada a ruɗu da mai talla da zai ce, "Alhaji, wannan har sallama yana yi." A tsaya nesa kaɗan a zuba ido. Lafiyayye yana tsalle daga sanda zuwa sanda, idonsa tar, hancinsa a bushe, gashinsa kwance lif. Wanda ya takure a ƙasan keji ya kumbura gashi, wutsiyarsa tana ɗagawa da kowane numfashi, ko kashi ya manne masa a ƙarƙashi, a bar shi ko da kyauta ne. Keji kuwa faɗinsa ya fi tsayinsa muhimmanci, gama tsuntsu a kwance yake tashi.

Abin da ya fi kashe tsuntsaye a gidajenmu iska ce, mutane kuwa ba su lura. Numfashin tsuntsu ya fi namu saurin ɗaukar guba, shi ya sa masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanari don ya yi musu gargaɗi, ba su daina ba sai 1986. Hayaƙin janareta da na gawayi, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, har turaren wutar da uwargida take turara ɗaki da shi, kowannensu yana iya halaka ɗan bajariga a rufaffen ɗaki, balle a Fatakwal inda baƙar ƙura ta fara sauka a kan kaya a 2016. A hana yara ba shi goro da cakulan da piya, domin guba ne gare shi, haka gyaɗar da ta yi fumfuna saboda laimar kudu. A yayyafa ruwa kafin a share kashinsa, a wanke hannu, gama ƙurar busasshen kashin tana iya ɗauke da ƙwayar zazzaɓin aku da ke kama huhun mutum. Da dare a lulluɓe kejin da ƙyalle mara nauyi, a bar shi ya sami barcin sa'a goma.

Saura tambaya ɗaya da ta keɓanta da mu mazauna kudu, ita ce tafiyar Salla, lokacin da ake kulle ɗaki a yi arewa mako biyu ko uku. Ya kai maigida, kafin ka miƙa kuɗi, ka tabbatar da amintaccen da zai karɓi kejin a bayanka. In ka same shi, sayi bajariga biyu ka faranta wa yara, in kuwa babu, ka ba su haƙuri, ka bar tsuntsu inda ka gan shi.