Daidaita Ƙafar Katsewa a Direbobin Na'urorin Jin Motsi

1.0 Gabatarwa

Wayar hannu tana gane an karkata ta ne ta hanyar wata 'yar na'ura mai jin motsi. Wannan muƙala za ta yi bayanin yadda direba, wato manhajar da ke shiga tsakanin na'urar da babbar manhajar gudanarwa, yake daidaita ƙafar da na'urar ke kiran firosesa da ita. An ɗauki misali daga ADXL345 ta kamfanin Analog Devices a ƙarƙashin Linux.

2.0 Ma'anar Katsewa

Firosesa yana iya riƙa leƙa na'urar a kai a kai ko an sami sabon awo, sai dai hakan yana cin batir. Hanya ta biyu ita ce na'urar ta ɗaga lantarki a wata ƙafa tata idan tana da labari, firosesa ya dakatar da aikinsa ya saurare ta. Wannan shi ake nufi da katsewa. Ƙafa kuwa ita ce siririn ƙarfen da ke haɗa na'urar da allon lantarki, kamar yadda masu gyaran rediyo ke kiran sa.

3.0 Abubuwan Daidaitawa

Na farko, wace ƙafa? ADXL345 tana da ƙafafun katsewa 2, INT1 da INT2, amma mai ƙera allo kan jona ɗaya kawai. Rajistar INT_MAP ce ke raba kiraye-kiraye tsakaninsu, kuma idan ba a taɓa ta ba, duka INT1 suke bi. Saboda haka, in INT2 aka jona, dole direba ya karanta hakan daga bishiyar na'urori, wato bayanin da ke siffanta wa Linux allon, ya gyara rajistar. In bai yi ba, na'urar za ta yi ta kira a ƙafar da ba mai sauraro.

Na biyu, hawan lantarki ne alamar kira ko saukarsa? A asali hawa ne, amma ana juya shi a rajistar DATA_FORMAT.

Na uku, firosesa zai lura da lokacin sauyawar lantarkin ne ko da zamansa a sama? ADXL345 tana riƙe kiranta har sai an karanta rajistar da ta dace. Idan sauyawa ake jira kuma aka kuskure karatu ɗaya, ƙafar ba za ta sauka ba, balle ta sake hawa, sai shiru. Idan kuwa zama ake lura da shi kuma ba a share kiran ba, katsewa za ta yi ta maimaituwa. Linux takan rufe layin da fiye da kira 99,900 cikin 100,000 suka rasa mai amsawa.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa wajibi ne bakin abu uku ya zo ɗaya: jonin allo, rajistocin na'ura, da saitin firosesa. Aikin direba shi ne ya haɗa kansu tun kafin ya buɗe katsewa a rajistar INT_ENABLE.