Yadda masu Git ke gwada saƙon da manhaja ke bayarwa idan an ba ta umarnin da bai dace ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a Sandamu ko a cikin garin Daura, ya miƙa katinsa, na'ura ta yi ta juyi sannan ta fito da 'yar takarda mai ɗauke da lamba da wasu kalmomin Turanci, ya san bambancin da ke tsakanin a hana mutum abu da a gaya masa dalilin hanawar. Lamba 51 tana nufin kuɗin da ke asusu bai kai ba, kuma mai kati ya san abin yi. Lamba 91 tana nufin ba a samu isa ga bankin mai katin ba. Lamba 05 kuwa cewa kawai take yi banki ya ƙi, ba tare da wani dalili ba. A farkon shekarar 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira, gardama da yawa tsakanin masu POS da abokan cinikinsu daga irin waɗannan gajerun saƙonni ta taso: an cire kuɗin ne ko ba a cire ba?

Waɗannan saƙonni ba daga sama suke faɗowa ba. Mutum ne ya zauna ya rubuta su, kuma a manhajar da aka gina da kula, wani ne ya sake zama ya gwada ko suna fitowa a lokacin da ya dace. Ɗaya daga cikin wuraren da kowa zai iya kallon wannan aiki a fili shi ne manhajar Git, wadda duk matashin da ya fara koyon haɗa manhaja zai ci karo da ita a makonninsa na farko.

Maganar ta shafi masarautar Daura fiye da yadda ta shafe ta shekara goma da suka wuce. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019, kuma a watan Disamba na wannan shekarar marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri. A ƙarshen 2023 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan 3, kuma gwajin ingancin manhaja yana cikin fannonin da ake koyarwa. Matasan Sandamu, Zango, Baure da Mai'aduwa da ke shiga wannan fage galibi hankalinsu yana kan gina sabon abu. Fannin gwaji ba shi da farin jini, alhali kuwa a nan ake gane gwani.

Mece ce Git?

Git manhaja ce ta adana tarihin sauye-sauyen da aka yi wa aiki. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, shi ya fara rubuta ta a watan Afrilun 2005, bayan saɓanin da ya sa masu aikin Linux suka rasa damar amfani da BitKeeper kyauta. A watan Yulin wannan shekarar ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano, wanda har yanzu shi ke riƙe da ita. Kamfanin GitHub, da Microsoft ya saya a 2018 kan Dala biliyan 7.5, a kanta ya gina kasuwancinsa.

Aikinta ya yi kama da na littafin bashi na mai shago: wane ne ya sauya me, a wace rana, da wane dalili. Idan sabon gyara ya ɓata aiki, ana iya komawa ga na jiya. Ana magana da ita ne ta rubutaccen umarni, kuma kowane umarni yana tafe da 'yan rakiya, wato sunan fayil, ko sunan reshe, ko wani zaɓi da ke farawa da karan ɗori. A cikin waɗannan 'yan rakiya ne yawancin kurakurai suke faruwa.

A ce wata ɗaliba daga Sandamu tana haɗa ƙaramar manhajar lissafin takin da ƙungiyar manoma ta raba wa membobinta. Tana son buɗe sabon reshe, sai ta sa masa suna "aikin gona", da tazara a tsakiya. Git ba ta yarda da tazara a sunan reshe ba. Za ta tsaya, ta rubuta cewa wannan suna bai halatta ba, ta kuma maimaita sunan da aka ba ta domin ɗalibar ta ga abin da ta rubuta da idonta. Idan kuma yatsa ya zame ta rubuta comit maimakon commit, Git za ta ce ba ta san wannan umarni ba, sannan ta nuna wanda ya fi kama da shi. Tana yin haka ne ta ƙirga yawan haruffan da za a ƙara, a cire ko a musanya kafin kalmar ta koma umarnin da ta sani.

Abu uku da ake dubawa

Idan Git ta ƙi umarni, ba rubutu kaɗai take fitarwa ba. Tana kuma mayar da wata lamba da ba a nuna wa mutum sai ya nema, wadda ake kira lambar fita. Sifili yana nufin komai ya tafi daidai. Lamba 128 ita ce Git ke mayarwa a mafi yawan lokutan da ta tsaya da kanta saboda matsalar da ba za ta iya tsallakewa ba. Lamba 129 kuwa ta wanda ya ba da zaɓin da babu shi ce, kuma tana zuwa tare da taƙaitaccen bayanin yadda ake amfani da umarnin. Rubutun na mutum ne, lambar kuwa ta sauran manhajoji ce da ke kiran Git ba tare da wani yana kallon allo ba. Idan Git ta gaza amma ta mayar da sifili, manhajar da ke gaba za ta ci gaba da gini a kan ramin da ba ta sani ba.

Don haka gwaji mai kyau yana tambayar abu uku: umarnin ya gaza kuwa? Ya gaza ta hanyar da aka tsara? Ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa?

A cikin rumbun Git akwai wata jaka mai suna t, da ke ɗauke da ɗaruruwan fayilolin gwaji, kowanne da lamba huɗu a gaban sunansa. Gwajin sunan reshen ɗalibarmu, da za a rubuta shi, layi biyu ne. Na farko zai kira umarnin ta hannun wani mataimaki mai suna test_must_fail, ya karkatar da saƙon kuskuren zuwa wani fayil. Na biyu zai yi amfani da test_grep ya duba ko kalmomin da ake tsammani suna cikin fayil ɗin. Ana ɗaure layukan biyu da alamar && domin idan na farko ya faɗi, kada nasarar na biyu ta rufe masa asiri. Masu Git sun ɗauki wannan ɗauri da muhimmanci har suka rubuta wata manhaja ta daban da ke bin gwaje-gwajen tana neman inda aka manta da shi.

Tambaya ta biyu ce, a ganina, ta fi koyar da darasi. Hanya mafi sauƙi ta cewa "wannan umarni ya kamata ya gaza" ita ce a sa alamar motsin rai a gabansa, wadda ke juya gazawa ta zama nasara. Ƙa'idar gwajin Git ta hana yin haka ga umarnin Git. Dalilin shi ne gazawa iri biyu ce. Akwai manhajar da ta duba abin da aka ba ta, ta ga bai dace ba, ta ƙi cikin natsuwa. Akwai kuma wadda ta karɓi abin, ta shiga taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba nata ba, har tsarin kwamfutar ya kashe ta da ƙarfi, lamarin da a Linux ke bayyana da lamba 139. Alamar motsin rai duk ɗaya take ganin su. Shi kuwa test_must_fail yana duba lambar: idan ta nuna kashe manhajar aka yi, ko ba a ma samu umarnin ba, sai ya ce gwajin bai ci ba. Ma'aikacin da ya ce maka takardarka ba ta cika ba, da wanda ya yanke jiki ya faɗi da ganin takardar, duk ba su yi maka aiki ba, amma ba ciwo ɗaya ke damun ofisoshinsu ba.

Tambaya ta uku tana da nata tarko. Idan gwaji ya tabbatar da gazawa kawai bai duba saƙo ba, umarnin zai iya gazawa saboda wani dalili na daban, misali fayil ɗin da aka manta ba a ƙirƙira ba, kuma gwajin ya yi shekaru yana nuna lafiya lau alhali ba ya gwada komai. Idan kuma ya kwafe saƙon baki ɗaya harafi da harafi, duk wanda ya gyara waƙafi sai gwajin ya karye. Shi ya sa sau da yawa ake zaɓar kalmomin da ke ɗauke da ma'anar kawai.

Har salon rubutun yana da ƙa'ida: kada a rufe saƙo da aya, kada a fara shi da babban baƙi, a fara da faɗin abin da ya gagara kafin dalilinsa.

Lokacin da karan ɗori ya zama ƙofar ɓarawo

Wani zai ce duk wannan kwalliya ce. Abin da ya faru a watan Agustan 2017 ya nuna ba haka ba ne. Masu bincike sun gano cewa idan aka ba Git adireshin da sunan kwamfutar da ke cikinsa ya fara da karan ɗori, tana miƙa shi yadda yake ga manhajar ssh mai haɗa ta da wata kwamfuta. Ita kuwa ssh da ta ga karan ɗori sai ta ɗauke shi a matsayin zaɓi, ba suna ba, kuma cikin zaɓuɓɓukanta akwai wanda ke sa ta gudanar da duk umarnin da aka rubuta mata. Mugu zai iya ɓoye irin wannan adireshi a cikin aikinsa, wanda ya kwafo aikin tare da rassansa na ciki ya buɗe masa kwamfutarsa bai sani ba. An yi wa matsalar rajista da lamba CVE-2017-1000117, kuma an samu irinta a Mercurial da Subversion a lokaci guda.

Gyaran da ya fito a Git 2.14.1 ƙarami ne: a duba sunan, idan ya fara da karan ɗori a tsaya, a rubuta cewa an toshe baƙon suna. Tare da gyaran aka ƙara gwajin da ke tabbatar da cewa an ƙi irin wannan adireshi, domin kada wani ya zo bayan shekaru yana share-share ya cire shingen bisa kuskure. A 2019, a Git 2.24, an ƙara zaɓin --end-of-options, wanda ke gaya wa Git cewa duk abin da ya biyo baya suna ne, ko da ya fara da karan ɗori.

A wajen duniyar Git, misalin da malamai suka fi kawowa shi ne na na'urar gashin cutar daji mai suna Therac-25. A 1986, a garin Tyler na Jihar Texas ta Amurka, na'urar ta nuna wa mai sarrafa ta saƙon "Malfunction 54" bayan an yi saurin gyara bayanan da aka shigar. Littafin na'urar bai fayyace ma'anar lambar ba, kuma ma'aikata sun saba ganin irin waɗannan saƙonni suna wucewa. Marasa lafiya biyu da suka sha hasken da ya wuce kima a wannan asibiti sun rasu.

Inda Hausa ta shigo

Akwai kurakuran da mai rubutu da Hausa zai fi kowa cin karo da su. Idan ɗalibarmu ta sa wa fayil suna ƙasa.txt, daga baya ta nemi Git ta adana kasa.txt, za a ce mata babu fayil mai wannan suna. Saƙon gaskiya ne, amma lanƙwasar da ta bambanta k da ƙ ƙarama ce a allon waya ko tsohuwar kwamfuta. Idan ta nemi Git ta nuna mata halin da fayilolin suke ciki, sai ta ga sunan ya koma \306\231asa.txt, domin bisa tsarinta na asali Git tana mayar da duk harafin da ba na Turanci ba zuwa lambobi. Ba lalacewa fayil ɗin ya yi ba. Mayar da saitin core.quotepath zuwa false yana dawo da ƙ, ɗ da ɓ yadda suke.

Na biyun ma ba laifin Git ba ne. Alamar da muke sawa a gaban 'yan da 'ya'ya ita ce tagar umarni ke ɗauka a matsayin farkon zancen wani. Wanda ya rubuta 'yan makaranta ba tare da ya kewaye kalmomin da alamar zance mai ƙwaya biyu ba, zai ga kwamfuta ta yi shiru tana jiran ya rufe zancen. Umarnin bai ma isa ga Git ba, balle ta yi ƙorafi.

An fassara saƙonnin Git zuwa harsuna da dama, ciki har da Faransanci, Jamusanci, Sinanci, Turkanci da harshen Indonesiya. Hausa ba ta cikin jerin. Su kansu gwaje-gwajen ana gudanar da su ne a saitin da ke fitar da saƙonnin asali na Turanci, saboda haka fassara ba ta karya su, kuma saƙonnin da aka tanada domin wasu manhajoji su karanta ba a fassara su. Sauran kuwa, waɗanda aka rubuta domin idon mutum, sun kai dubbai, kuma duk wanda zai mayar da su Hausa sai ya fara yanke shawara kan kalmomin tushe: ko "reshe" ya wadatar, ko "rumbu" ya fi "taska", da kuma abin da za a kira commit, wanda ya haɗa ma'anar adanawa da ta sa hannu a kan abin da aka adana.