Titin Kano Zuwa Maiduguri Da 'Ya'yanmu 'Yan Talla

Duk wadda ta taɓa tashi daga Kano ta nufi gabas ta san titin nan: a haye gadar Wudil, a bi ta Gaya, a shiga Jigawa wajen Shuwarin, sai Azare, Fataskum, Damaturu har Maiduguri. A 2006 ne gwamnatin Obasanjo ta ba da kwangilar mayar da shi tagwaye, aikin da ya ci shekaru masu yawa.

Ga mutanen Balan da sauran ƙauyukan Gaya da Ajingi, ta nan ake fita da gero, dawa, wake da gyaɗa, ta nan kuma dabbobi ke isa kasuwar Wudil ranar Juma'a. Mai naƙudar da haihuwa ta zo wa da gardama, ta nan ake garzayawa da ita Kano. Wannan kam sai godiya ga Allah.

Amma 'yar uwa, da titi ya yi kyau sai mota ta ƙara gudu. Tsaya a duk inda motoci ke rage tafiya, ki ga wa ke rugawa. Yara mata ne, faranti a ka, da dafaffiyar gyaɗa ko awara, idonsu na kan hannun mai saye ba kan tirelar da ke tahowa ba. Direba ya ja mota, yarinya ta bi shi da gudu saboda canji. Wata kuma a ajin Islamiyya sai dai a kira sunanta a ji shiru, don an ce kada ta dawo sai ta sayar. Na san kuɗin tallar ne ake tara wa kayan ɗaki, ba na raina wannan uzuri. To amma kayan ɗakin wa, in ba a dawo da yarinyar lafiya ba?

Da kaka kuma sai shanyar amfanin gona a gefen kwalta, a bar ƙaramin yaro yana korar awaki dab da tayar mota. Alhali mu muke karantar da su cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani.

In har tallar ta zama dole, a tsayar da ita cikin unguwa ko ƙofar gida, a kuma gama kafin lokacin makaranta. Masu tsallaka titi zuwa Islamiyya su tafi a ayari tare da babba, su tsaya a tsakiyar tagwayen su sake dubawa, domin kowane hannu da nasa motocin.