Ciwon Sikila: Kada A Jira Gari Ya Waye

A lokacin hunturu a Sakkwato, yaro mai sikila kan farka cikin dare yana kukan ciwon ƙashi, iyaye su ce amosani ne, a bari sai da safe. Wannan jinkiri yana da haɗari. Sanyi, ƙishirwa ko zazzaɓin cizon sauro kan sa jajayen ƙwayoyin jininsa su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, jini ya kasa isa ga ƙashi. Asalin raɗaɗin ke nan. A ba shi ruwa, a lulluɓe shi. Idan kuwa ciwon ya ƙi lafawa, ko akwai zazzaɓi, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, to a garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a daren, domin saifa takan tsare jinin ƙaramin yaro cikin 'yan sa'o'i.