Jijiyar Jini Da Jijiyar Laka: Suna Ɗaya, Aiki Dabam

Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran abubuwa da yawa a jikin ɗan Adam. Wadda malamin asibiti yake lalube a hannu don ya ɗebi jini, jijiya ce. Wadda take sa mutum ya janye ƙafa in ya taka garwashi, ita ma jijiya ce. Amma fa a wurin likitoci waɗannan hanyoyi biyu ne dabam, kuma rashin bambanta su yakan sa a nemi magani inda ba nan ciwon yake ba.

Hanyar jini zagaye ce, ba ta da ƙarshe. Zuciya takan buga wajen sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jinin da bai wuce kimanin lita 5 ba a jikin baligi, ya kai abinci da iskar oksijin ko'ina, ya komo, ya bi ta huhu, ya sake fita. In mutum yana zaune, cikin minti ɗaya an gama zagayen. Wani likita Balarabe mai suna Ibn al-Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, shi ya bayyana yadda jini yake bi ta huhu, sa'an nan William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen duka a 1628.

Ita kuwa jijiyar da ta fito daga ƙwaƙwalwa da laka ba bututu ba ce, babu ruwan da yake gudana a cikinta. Tamkar wayar tarho take, saƙo kawai take ɗauka, wani ya tafi ƙwaƙwalwa da labarin zafi ko sanyi, wani ya komo da umurnin motsi. Mafi saurinsu yakan yi gudun mita 100 ko fiye a daƙiƙa ɗaya. Ciwon kuturta ya isa misali: ƙwayar cutar jijiyar laka take ɓatawa, shi ya sa mai ciwon zai yanke a yatsa jini ya zuba, amma bai ji kome ba.

To, duk da wannan bambanci, ɗaya ba ta rayuwa sai da ɗaya. Zuciya tana da abin da yake tayar da bugunta a cikinta, amma jijiyar laka ce take ƙara mata sauri in an firgita, ta kuma sassauta shi lokacin barci. Ƙwaƙwalwa kuwa, wadda nauyinta bai fi kashi 2 cikin 100 na jiki ba, ita kaɗai take cinye wajen kashi 20 na oksijin, ga shi kuma ba ta da rumbun ajiya. In jini ya yanke mata na 'yan mintoci, sai ƙwayoyinta su fara mutuwa, waɗanda suka mutu kuwa da wuya a sami madadinsu, ba kamar fata ba da takan toho bayan rauni.

A nan ne batun shanyewar ɓarin jiki ya shigo. Magidanci zai wayi gari baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, sai dangi su ce iska ce ta buge shi, ko kuwa sammu ne, a yi ta shafa wa hannun mai ana turare. Alhali hannun lafiyarsa lau. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, kuma da yake jijiyoyin laka suna gitta juna a gindin kai, ɓarnar da ta auku a hagun ƙwaƙwalwa a dama take bayyana.

Babban mai jawo wannan shi ne hawan jini, wanda yakan yi shekaru bai nuna alama ba. Awonsa bai ɗaukar minti 5, kuma wanda awonsa yake kai 140 bisa 90 a kai a kai yana bukatar ganin likita. In kuwa har abin ya faru, maganin narkar da gudan jinin da ya toshe hanya galibi cikin sa'o'i 4 da rabi na farko ake bayar da shi, shi ma sai an ɗauki hoton kai an tabbata toshewa ce, ba fashewa ba.